Babi na Bakwai: Kwana Uku na Zafi da Yammacin Gobara a Lytton

Shekara 84 lambar 45 ta yi tana zaune a kundin hukumar yanayi ta Kanada, ba abin da ya ture ta. A ranar 5 ga Yulin 1937 aka auna digiri 45 a ma'aunin Salsiyos a garuruwan Midale da Yellow Grass na lardin Saskatchewan, a shekarun farin nan da ya kori manoma da yawa daga gonakinsu. Tun daga ranar ba a sake auna zafin da ya kai haka a faɗin ƙasar ba, sai a ƙarshen watan Yunin 2021. Ran Lahadi, 27 ga wata, na'urar auna zafi a wani ɗan gari mai suna Lytton, a lardin Birtish Kolombiya, ta nuna 46.6. Ran Litinin ta nuna 47.9. Ran Talata ta kai 49.6. Ran Laraba da yamma wuta ta shiga garin ta cinye kusan kashi 90 cikin 100 nasa.

A al'ada, idan zafi ya zarce abin da aka taɓa aunawa a wani wuri, da ɗan ƙiris yake zarce shi, rabin digiri ko ƙasa da haka. Wannan karon digiri 4.6 aka ƙara a kwana uku. Kuma ba a hamada abin ya faru ba. Lytton ta fi birnin Faris kusa da ƙuryar arewacin duniya, ana dusar ƙanƙara a can da sanyi, amma ranar Talatar nan ta fi duk wani zafi da aka taɓa aunawa a Las Vegas ta Amurka, ta fi wanda aka taɓa aunawa a nahiyar Turai baki ɗayanta.

Abin da ya sa na zaɓi wannan lamari shi ne cewa bai zo wa masu hasashen yanayi da bazata ba. Sun gan shi tafe tun saura kusan mako guda. Wanda yake son ya san iyakar abin da hasashe zai iya yi wa mutane, da inda hannunsa ba ya kaiwa, da wuya ya sami misalin da ya fi wannan.

Sai an san inda Lytton take kafin a gane dalilin da zafin ya fi tsananta a can. Birtish Kolombiya tana bakin Tekun Fasifik, kuma duk wanda ya ga hotunan Vancouver zai ɗauka ƙasa ce ta ruwan sama da korayen dazuzzuka. Haka gaɓar tekun take. Amma da an ƙetare jerin duwatsun da suka yi layi da gaɓar, sai a faɗa wata ƙasa daban. Iskar da ta taso daga teku da danshinta tana zubar da ruwanta a jikin duwatsun ta fuskar yamma, ta gangaro gabas a bushe. Ruwan da Lytton take samu a shekara bai kai rabin na Vancouver ba. Garin yana ƙasan wani kwari mai zurfi, daidai inda kogin Thompson ya haɗu da kogin Fraser, duwatsu sun kewaye shi, ciyawa da ƙananan itatuwa masu ƙaro sun lulluɓe gangaren. Mutanen cikin garin wajen 250 ne, ban da al'ummar Nlaka'pamux, 'yan asalin yankin, waɗanda suka zauna a mahaɗar kogunan nan dubban shekaru kafin zuwan Turawa, kuma unguwanninsu suna kewaye da garin. Dama can Lytton ta yi suna da zafi. Ba baƙon abu ba ne a ce ita ce ta fi ko'ina zafi a Kanada a wata rana ta bazara.

To, me ya faru a sararin sama? Can sama, wajen kilomita 10 daga ƙasa, akwai wata iska mai gudu da take zagaya duniya daga yamma zuwa gabas. Ba a miƙe take tafiya ba, tana lanƙwasa, ta yi arewa ta dawo kudu. Wani lokaci lanƙwasar takan yi girma har ta tsaya cak a wuri ɗaya na kwanaki, ta tare hanya, hadari da iska mai sanyi su riƙa kewaye ta. A ƙarƙashin irin wannan lanƙwasa iska tana saukowa ne daga sama zuwa ƙasa a hankali, kuma duk iskar da ta sauko matsewa take yi. Wanda ya taɓa buga iska a tayar keke ya san yadda gindin famfon yake ɗaukar zafi a hannu; matsewar iska ce take kawo wannan. Busasshiyar iska tana ƙara kusan digiri 10 a duk kilomita ɗaya da ta sauko. Saukowar kuma tana hana gajimare haɗuwa, sai rana ta sami fili. A ƙarshen Yuni, a wurin da Lytton take, rana tana yin sama da awa 16 a sarari, dare gajere ne, ƙasa ba ta gama hucewa gari yake wayewa. Zafin jiya sai ya zama tushen da na yau zai hau. Wannan shi ne abin da 'yan jarida suka riƙa kira rumfar zafi.

Akwai abu na uku da ba a cika kula da shi ba, wato ƙasar da ake takawa. Idan ƙasa tana da laima, wani kaso mai yawa na ƙarfin rana yana ƙarewa ne wajen busar da ita da shayar da ganyaye. Idan ta riga ta bushe, duk ƙarfin sai ya koma dumama iska. Watannin Maris zuwa Mayu na 2021 suna cikin waɗanda aka fi ƙarancin ruwa a tarihin kudancin yankin na cikin ƙasa. Masu bincike daga baya sun bi sawun lanƙwasar nan har tsakiyar Fasifik, inda wani babban hadari ya zubar da ruwa kwanaki kafin nan, zafin da tururin ruwan ya saki a sama ya taimaka wajen kumbura ta. Wato ruwan sama a tsakiyar teku yana da hannu a ƙonewar wani gari mai nisan dubban kilomita.

Duk wannan lissafi ne, kuma kwamfuta ta iya shi. A 1922 wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya nuna cewa ana iya hasashen yanayi da lissafi zalla, sai dai ya ƙiyasta za a buƙaci mutum 64,000 suna lissafi da hannu kafin a riƙa cim ma yanayin duniya. Yau manyan kwamfutoci ne suke wannan aiki. Sau biyu a rana ɗaruruwan tashoshi a duniya suna sakin balan-balan ɗauke da na'urar auna zafi da danshi da iska. Jiragen sama da na ruwa da taurarin ɗan'adam suna aiko nasu. Ana zuba duk wannan a manhajar da ta yanka sararin sama gida-gida, ta lissafa yadda kowane gida zai sauya a mintunan da ke tafe, ta yi ta maimaitawa har ta kai kwana 10 ko 15.

Matsalar ita ce wadda Edward Lorenz ya gano a farkon shekarun 1960: ɗan kuskure kaɗan a awon yau yana girma ya zama babban kuskure nan da mako biyu. Dabarar da aka samo ita ce kada a yi lissafin sau ɗaya. Cibiyar hasashen yanayi ta ƙasashen Turai, mai hedkwata a Reading ta Ingila, tun 1992 take gudanar da lissafinta sau da yawa a lokaci guda, kowanne da ɗan bambanci a awon farko. A 2021 sau 51 take yi. Idan sakamakon ya watse, wannan ya ce ruwa wancan ya ce rana, mai hasashe ya san ba shi da tabbas. Idan suka taru a wuri ɗaya, to magana ta yi ƙarfi. Zafi irin na rumfa yana cikin abubuwan da suka fi sauƙin hangowa, domin abu ne mai faɗin dubban kilomita, mai tafiya a hankali, ba irin hadarin yamma da zai sauka a wannan unguwa ya bar waccan ba.

A makon da ya gabaci 27 ga Yuni, lissafin Turai da na Amurka da na Kanada duk suka fara nuna abu ɗaya, kuma abin da suke nunawa ba a taɓa gani ba. A nan ne aikin ya koma na ɗan'adam. Mutumin da ya shekara 20 yana hasashe a yanki ɗaya ya san halin manhajarsa, ya san inda take yin zuƙu, ya saba rage mata. Ga shi yanzu tana ba shi lambar da ta zarce duk abin da ke kundin tarihi da digiri uku ko huɗu. Idan ya sanar kuma abin bai faru ba, gobe ba mai sauraronsa. Idan ya rage kuma ya faru, rai ne. Masu hasashe da dama a Vancouver da biranen Seattle da Portland na Amurka sun faɗa daga baya cewa da farko sun ɗauka kuskure ne na kwamfuta. Da kwanaki suka matso lambobin suka ƙi sauka, sai suka miƙa wuya. Hukumar yanayi ta Kanada ta fitar da gargaɗi kafin zafin ya iso, ta ce mai haɗari ne, mai daɗewa, wanda ba a saba gani ba. Portland ta kai 46.7, Seattle ta kai 42.2. A wasu wuraren ma abin da aka auna ya zarce abin da aka yi hasashe.

Mai karatu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zai iya cewa, to mene ne abin tayar da hankali a digiri 40, mu da muke ganinsa kowace shekara a watan Afrilu? Amsar tana cikin gini da jiki. A ƙarshen Yuni zafin Vancouver da rana bai cika wuce 22 ba. Gidajen can an gina su ne don su riƙe ɗumi lokacin sanyi: bango mai rufi biyu, manyan tagogin gilashi masu shigo da rana, ƙofofi a like. A lokacin mafi yawansu ba su da na'urar sanyaya ɗaki, domin ba a taɓa buƙatarta ba. Babu tsakar gida, babu al'adar fitar da tabarma waje a kwana. Ɗauki tsohuwa mai shekara 80 da take zaune ita kaɗai a hawa na uku na wani tsohon bene, tana shan maganin hawan jini ko na zuciya. Rana ta yini tana dukan gilashinta. Da magariba waje ya fara sauƙi, amma cikin ɗakin lokacin ne zafin yake kaiwa ƙarshe, domin bango da rufi suna amayar da abin da suka sha. Ta kunna fanka, fankar kuwa idan iskar ɗaki ta wuce digiri 35 ba ta sanyaya tsoho, zafin kawai take kaɗa masa. Jikin tsoho ba ya gumi sosai, ƙishirwa ba ta damunsa da wuri, kuma alamar farko ta bugun zafi ita ce rikicewar tunani, wato abin da zai sa ta ɗaga waya ta nemi taimako shi ne yake fara tafiya. Dare na farko ta jure, na biyu ta jure. Na uku ne yake kisa.

Ofishin binciken musabbabin mutuwa na lardin ya fitar da rahotonsa a Yunin 2022. Mutum 619 zafin ya kashe, akasarinsu tsakanin 25 ga Yuni da 1 ga Yuli. Kashi 98 cikin 100 a cikin ɗaki abin ya same su. Kashi biyu cikin uku sun kai shekara 70 ko fiye, fiye da rabi kuma su kaɗai suke zaune. Mafi yawansu ba a kwarin Lytton suke ba, inda zafin ya fi tsanani. A Vancouver suke da garuruwan da ke gabas da ita, inda aka haura 40. Layin kiran agajin gaggawa ya cushe, motocin asibiti suka yi kaɗan, wasu suka jira na awoyi. Rahoton ya faɗa ƙarara cewa an sami tazara tsakanin lokacin da hukumar yanayi ta yi gargaɗi da lokacin da hukumomi da jama'a suka motsa. A ganina nan ne aka faɗi. Gargaɗin ya fita a rediyo da talabijin da wayoyi, amma babu wanda aka ɗora wa alhakin ya hau benen nan ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jerin sunayen tsofaffin da suke zaune su kaɗai, da wanda zai leƙa kowannensu, abu ne da ake tanada tun kafin bazara.

Kada kuma mu ɗauka sabo ya ba mu kariya. A ranar 3 ga Afrilun 2024, cikin azumin Ramadan, an auna 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana huɗu na farkon watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata gaba ɗayansa 130 aka ƙirga. Tsofaffi ne suka fi yawa a can ma.

Hasashen gobara kuwa sana'a ce daban, ko da yake daga lambobi ɗaya take farawa. Mai hasashen zafi yana duban sama. Mai hasashen gobara yana duban abin da ke kwance a ƙasa, yana tambayar yawan ruwan da ya rage a cikinsa. Kanada tana da tsarin awon haɗarin gobarar daji da ta fara aiki da shi a 1970, wanda masanin daji C. E. Van Wagner yake cikin manyan waɗanda suka gina shi, kuma yau Turai da ƙasashe da dama da shi suke aiki. Kyawunsa sauƙinsa. Kowace rana da tsakar rana ana ɗaukar abu huɗu daga tashoshin da aka kafa a dazuzzuka, waɗanda a Birtish Kolombiya kaɗai sun haura 200: zafin iska, danshinta, gudunta, da ruwan da ya sauka a awa 24 da suka wuce. Daga waɗannan ake lissafa bushewar makamashi hawa uku.

Hawa na sama shi ne busasshiyar ciyawa da ganye da ƙananan ƙirare. Wannan ba ya da haƙuri, yayyafi kaɗan ya jiƙa shi, rana ɗaya ta busar da shi, kuma shi ne yake nuna ko tartsatsi zai kama. Na tsakiya shi ne ruɓaɓɓen ganyen da ya taru ƙarƙashinsa, wanda yake ɗaukar kusan mako biyu kafin ya bushe. Na ƙasa shi ne tarin da ya danne shekara da shekaru, da manyan gungumomi. Wannan sai ya yi wajen kwana 50, kuma shi ne yake riƙe tarihin fari. Idan ya bushe, wuta tana nutsewa cikinsa ta yi ta ci a ɓoye, har akan sami wadda ta ƙetare lokacin sanyi a ƙarƙashin dusar ƙanƙara ta sake tasowa da bazara. Ana haɗa bushewar hawa na sama da gudun iska a san saurin da wuta za ta yi, a haɗa na tsakiya da na ƙasa a san yawan abin da za ta ci, sannan a fitar da lamba ɗaya ta ƙarfinta. Ita ce ake juyawa zuwa allunan nan na bakin hanya masu kibiya, daga kore zuwa ja, matakai biyar.

Masu kashe gobarar daji suna da nasu gajeren lissafi da ba ya buƙatar kwamfuta. Sukan ce talatin uku: zafi ya haura 30, danshin iska ya sauka ƙasa da kashi 30, iska ta wuce kilomita 30 a awa. Ranar da ukun suka haɗu, ba a tsayawa gaban wuta. Dalilin da zafi yake da muhimmanci shi ne, duk digiri ɗaya da iska ta ƙara tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100, sai ta riƙa tsotsar laima daga ganye da itace da ƙarfi. Kwana uku na digiri 46 zuwa 49 a kan ƙasar da dama ta yi watanni da ƙishirwa sun yi aikin da a wata shekara sai ƙarshen Agusta ake kaiwa gare shi. Makiyayi a Nijar da ya taɓa ganin gobara ta lashe makiyaya bayan damina mai albarka ya san wannan lissafi a jikinsa, sai dai namu lokacin ba bazara ba ne, hunturu ne, lokacin da ciyawa ta bushe a tsaye iskar arewa kuma ta taso.

Akwai wani abu da masana yanayin gobara suka daɗe da sani wanda ya saɓa wa tunanin mutum. Ranar da ta fi zafi ba ita ce ta fi haɗari ba. A ƙarƙashin rumfar zafi iska a kwance take. Wuta tana iya kamawa, amma ba ta da mai tura ta. Haɗarin yana zuwa ne ranar da rumfar ta fara rushewa, lokacin da iska mai sanyi daga teku ta sami hanya ta kutso. Bambancin zafi tsakanin gaɓa da cikin ƙasa yana tura iska da ƙarfi ta cikin kwaruruka, hadari maras ruwa yana haɗuwa, tsawa ta faɗi a kan busasshen daji. A wannan lardin kusan kashi 60 cikin 100 na gobarar daji tsawa ce take tayar da su, sauran kuma mutane. Wato daidai lokacin da jama'a suke cewa alhamdu lillahi an sami sauƙi, lokacin ne mai hasashen gobara yake rasa barci.

Hukumomi sun san haka. Da ƙarfe 12 na ranar Laraba, 30 ga Yuni, dokar hana hura wuta a daji ta fara aiki a lardin baki ɗaya. Zafin Lytton ya ɗan sauka daga na jiya, iska kuma ta taso daga kudu tana bin kwarin Fraser, har ta kai kilomita 70 a awa. Bayan ƙarfe huɗu da rabi na yamma aka ga hayaƙi a kudancin garin. Magajin garin, Jan Polderman, ya shaida wa manema labarai cewa daga ganin hayaƙin farko zuwa lokacin da wuta ta kama ko'ina wajen minti 15 ne. Kafin ya sa hannu a takardar umarnin ficewa da misalin ƙarfe 6, mutane sun riga sun gudu da abin da ke jikinsu, wasu arewa zuwa Lillooet, wasu zuwa Merritt da Kamloops, waya ba ta shiga, iyalai suka kwana ba su san inda 'yan'uwansu suke ba. Kusan mutum 1,000 ne suka bar garin da kewayensa. Mutum biyu suka rasu. Ofishin 'yan sanda da ɗakin shan magani da tashar motar asibiti duk suka ƙone, har da wani ɗan gidan tarihi na Sinawan da suka zo haƙar zinariya da aikin layin dogo a ƙarni na 19. Wutar ta ci gaba da ci a dazuzzukan yankin har ƙarshen bazara, ta ƙone sama da hekta 80,000.

A yammacin nan dai, wasu manyan gobara biyu a arewa da gabashin Lytton suka yi ƙarfin da hayaƙinsu da zafinsu ya haɗa nasa hadarin, gajimare mai tsawon kilomitoci, mai tsawa amma ba ruwan kirki. Na'urorin kamfanin Vaisala sun ƙirga walƙiya sama da 700,000 a sararin lardunan Birtish Kolombiya da Alberta cikin awa 15. Wuta ta haifi hadari, hadarin ya haifi sabuwar wuta.

Me ya tayar da gobarar Lytton? Layukan dogo biyu ne suka ratsa garin, kuma mazauna da yawa sun zargi jirgin ƙasa. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Kanada ta ce a Oktoban 2021 ba ta sami shaidar da ta haɗa jirgi da tashin wutar ba, mutanen garin da dama kuma ba su gamsu ba. Wannan shi ne gurbin da hasashe ba zai taɓa cikewa ba. Yana iya cewa yau duk tartsatsin da ya faɗi a kwarin nan zai zama bala'i, kuma ya faɗa. Ba zai iya cewa a wace kwana, da ƙarfe nawa, daga hannun wa ba. Kibiyar ja tana nuna yanki mai faɗin ɗaruruwan kilomita, da garuruwa da yawa a ciki. Ba za a kwashe su duka ba kowace ranar da ta yi ja, domin a bazara guda tana iya yin ja na makonni.

Abin da ya rage a hannun mutane shi ne garin kansa, kuma a nan binciken da Jack Cohen da Alan Westhaver suka fitar a 2022 ya ba mutane mamaki. Cohen ya shafe shekaru a hukumar gandun dajin Amurka yana nazarin yadda gidaje suke kamawa da wuta. Da suka bi garin gida-gida, sai suka ga ba wani bangon harshen wuta ne ya taso daga daji ya rufe Lytton ba. Wuta ce ta bi ciyawa a ƙasa ta iso bakin gari a wurare da dama kusan lokaci guda, iska kuma ta riƙa watsa garwashi gaba. Garwashin yana faɗawa cikin busasshen ganyen da ya taru a indararo, ko tarin itacen girki da aka jingina da bango, ko ƙarƙashin dandamalin katako na ƙofar gida, ko shingen katako da ya haɗa wannan gida da na maƙwabci. Da gida ɗaya ya kama, shi ne yake zama makamashin na kusa da shi. Daga nan gobarar ta daina zama ta daji, ta zama ta gari, kuma babu rundunar 'yan kwana-kwana da za ta iya da gidaje da yawa suna ci a lokaci ɗaya. Hukuncinsu shi ne cewa abin da ke cikin 'yan mitoci kaɗan kewaye da gida, da irin kayan da aka yi rufi da bango da su, ya fi nisan daji muhimmanci wajen ko gida zai tsira. Wannan aiki ne na share fili da sauya rufi, na watanni da shekaru, wanda gargaɗin mako guda ba ya isa a yi shi.

Mako guda bayan zafin, ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta fitar da lissafinta. Ta ce da ba don ɗumamar da hayaƙin mai da kwal da gas ya jawo wa duniya ba, da wuya ƙwarai irin wannan zafi ya auku. Ɗumamar ta ninka yiwuwarsa aƙalla sau 150, ta kuma ƙara masa kusan digiri 2. Ko a yanayin wancan lokacin, a ƙiyasinsu, abu ne na sau ɗaya a shekara 1,000, amma idan ɗumamar duniya ta kai digiri 2 zai iya dawowa duk bayan shekara 5 zuwa 10. Ga mai hasashe wannan yana nufin kundin tarihi ya rage daraja a matsayin ma'auni. Wanda ya ce wa kwamfuta ƙarya take yi don ba a taɓa ganin lambarta ba, shi ne zai sha kunya.

A Yunin 2022 lardin ya kafa sabon tsarin gargaɗin zafi mai mataki biyu, inda mataki na biyu yake zama na gaggawa: saƙo ya shiga kowace waya, a buɗe wuraren shan sanyi, a ƙara motocin asibiti, a bi masu rauni gida-gida. A Yunin 2023 gwamnatin ta ware dalar Kanada miliyan 10 don raba na'urorin sanyaya ɗaki kusan 8,000 ga tsofaffi da marasa ƙarfi. A wannan watan ne gobarar Lytton ta cika shekara biyu, kuma har lokacin ba a sake gina ko gida ɗaya a cikin garin ba.